Eriyar kasko ko eriyar madubi?

Jama'a, ina fassara wani bayani kan na'urar rada da ake ɗora wa jirgin sama don auna ruwan sama, sai na cije a kan "reflector antenna". Rada nake nufi, ba raɗa ba, kada wani ya ƙara mata ƙugiya.

Ga aikin abin tukuna, don suna daga aiki yake fitowa. Akwai ɗan ƙaho da ke fesa igiyar rediyo a kan wani lanƙwasasshen ƙarfe. Ƙarfen ya tattara igiyar ya harba ta siririya cikin hadari, ɗigon ruwa ya maido amsa, ƙarfen ya sake tara ta a bakin ƙahon. Da ƙarfin amsar ake ƙiyasta yawan ruwan.

Wani malami ya ce in sa "faifai". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma faifai a shimfiɗe yake, kuma masu waƙa da bidiyo sun riga mu kama shi. "Faranti" ma haka. Ai lanƙwasar ita ce dukan dabarar. In ka baje ƙarfen, ba abin da zai tattaru.

"Madubi" ya fi ja na, na kwana biyu a kansa. Abin da ya hana ni shi ne APR-2, radar da cibiyar bincike ta JPL ta ƙera wa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wadda aka riƙa ɗorawa a jirgin DC-8. A cikinta akwai lanƙwasasshen ƙarfe mai faɗin mita 0.4, sannan ga wani shimfiɗaɗɗe dabam da ke jujjuyawa yana kai igiyar hagu da dama a ƙarƙashin jirgin. In na kira na farkon madubi, me zan kira na biyun? Shi ne madubin gaske.

Don haka na tsaya a kan "eriyar kasko". Mai karatu na jin sunan zai ga zurfin abin a idonsa.

Sauran sun zo da sauƙi. Wurin da igiya ke haɗuwa, matattara. A irin wannan ƙira ana kauda ƙahon gefe don kada ya tare hanyar igiyar, sai mu ce "kasko mai ƙaho a gefe".

Wata 'yar'uwa ta tambaya ko "dish" bai wadatar ba, tunda kowa ya san na talabijin. Gaskiyarki, siffar ɗaya ce, a hira ni ma shi zan faɗa. Sai dai a rubutu ina son kalmar da ke karɓar ɗafi: kaskon, zurfin kasko, bakin kasko. Kuma za a yi ta maimaita su, domin APR-2 ta yi aiki da igiyar rediyo iri biyu, masu saurin kaɗawa gigahaz 13.4 da 35.6, wato tsawon zango ("wavelength") kusan santimita 2.2 da milimita 8.4. Wahalar mai ƙira ita ce kasko ɗaya ya sa su biyun su kalli yanki ɗaya na hadari, tunda daga bambancin amsarsu ake gane girman ɗigo.

"Tsawon zango" kam har yanzu bai kwanta mini ba. Wa ke da wadda ta fi?