Neman kalma: kurmin da ya dawo kan gonar da aka bari

Mai Rediyo: Assalamu alaikum. Ƙarfe 4 zan shiga shiri, kalma ɗaya ta tsaya min. Binciken da mujallar Science ta buga a 2021 ya nuna in aka sare kurmi aka yi gona, daga baya aka bar ta, cikin shekara 20 wurin kan maido da kusan kashi 78 cikin 100 na kamanninsa na da. Ƙasar gonar ma ba ta kai shekara 10 take farfaɗowa. Bature ya ce "secondary forest". Na rubuta "kurmi na biyu", kunnena ya ƙi.

Baban Sadiya: Wa alaikumus salam. Na biyu? Ina na ɗayan? Ai saura ce.

Malama: Baba, saura hutar da ita aka yi, mai ita zai dawo da gatarinsa. A ƙasar Kosta Rika ta Amurka ta Tsakiya kuwa, da farashin naman shanu ya faɗi a shekarun 1980, barin wasu filayen kiwo aka yi gaba ɗaya, kurmi ya dawo kansu.

Alhaji na Zariya: Gyauro! A bayan gidanmu inda ake sussuka, ruwan farko na sauka dawa ke fitowa, ba wanda ya shuka. Kurmin ma haka, kututture ya yi toho, jemagu da tsuntsaye su kawo iri. Gyauron kurmi. Ku rubuta, ni na ƙirƙira.

Ɗan Maradi: Mu "sassabin zamani" muke cewa tun tuni.

Malama: Wannan a gonar da ake nomawa ne, manomi ke gyara tohon.

Ɗan Maradi: Dama in kalma ta fito daga Nijar sai an samo mata aibi.

Alhaji na Zariya: Ba wanda ya taɓa Nijar. 'Yan Barazil "capoeira" suke cewa, ba su jira Bature ba. Gyauron kurmi dai.

Baban Sadiya: Alhaji, gyauro na hatsi ne, shekara guda ya mutu. Wannan fa sai ya haura shekara 120 kafin ya cika.

Mai Rediyo: Saura minti 20. Zan ce "gyauron kurmi", in bi shi da "wato kurmin da ya sake tashi a tsohuwar gona".

Baban Sadiya: Je ka. In manoma suka bugo waya suna dariya, ka ba su lambar Alhaji.