Neman shawara: An nemi in ba da lungun shagona a sa na'urar cacar ƙwallo, wai akwai lasisin tarayya

Mai tambaya, daga Kurna:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai mako biyu ke nan, kuma na fi son in ji ta bakin waɗanda suka san doka kafin in ba da amsa.

Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a Kurna, benci 12 da talabijin biyu, sannan a bakin ƙofa ina da teburin POS da cajin waya. Da wannan nake riƙe da iyalina da mahaifiyata. Tun da fetur ya yi tsada, abin da janareta ke sha a daren wasa ya kusa cinye kuɗin ƙofa, ga kuɗin tashoshin ƙwallo da ake biya duk wata. Ana cikin haka sai wani matashi, ejan ɗin wani kamfanin cacar ƙwallo, ya zo ya ce in ba shi lungun da nake ajiye jarkokin mai, ya sa kwamfuta da na'urar fitar da tikiti, a saki labule a gabansu. Zai riƙa ba ni naira dubu 60 a wata, ban da kamasho. Da na ce ina tsoron Hisbah, sai ya zaro wata takarda da aka manne da leda, mai tambarin gwamnatin tarayya, ya ce wannan lasisi ne na ƙasa baki ɗaya, babu jihar da ta isa ta hana, kuma ga shi a Sabon Gari ana yi a fili.

Na san caca haramun ce, ban zo neman a halatta mini ba. Amma ina so in san gaskiyar wannan takarda, domin ƙanena ma da ita yake kafa mini hujja idan na yi masa faɗa a kan cacar da yake yi a waya, yana cewa doka ta yarda. Akwai kuma abin da ya fi damuna. Duk ranar Asabar da rana, kafin a fara wasannin Ingila, samari kan kawo mini naira 500 ko 1,000 su ce in tura a wata lambar asusu, ni kuma na san kuɗin caca ne suke zubawa, ina karɓar cajina ina turawa. Shin wannan ma laifi ne a doka? Allah Ya saka da alheri.

Barista, daga Zoo Road:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi daidai da ka tambaya kafin ka karɓi ko sisi, domin hujjar da aka kawo maka ta riga ta faɗi a gaban kotu mafi girma a ƙasar nan.

A shekarar 2005 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi dokar caca ta ƙasa, wadda ta kafa hukumar tarayya da ake kira NLRC, kuma ita ce take ba kamfanoni irin takardar da ka gani. A 2008 Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya ƙara Kotun Ƙoli, tana cewa tarayya ta shiga gonar jihohi. Shari'ar ta shekara 16, sai ranar 22 ga Nuwamba, 2024, alƙalai bakwai suka yanke hukunci da murya ɗaya cewa Majalisar Ƙasa ba ta da hurumin yi wa jihohi doka a kan caca. Dalilinsu kuwa shi ne, kundin tsarin mulki na 1999 ya jera abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya kuma jera waɗanda take tarayya da jihohi a kansu, caca ba ta cikin jeri ko ɗaya, duk abin da bai shiga ba kuwa na majalisun jihohi ne. Saboda haka dokar 2005 ta koma tana aiki a Babban Birnin Tarayya Abuja kaɗai. Takardar da ke cikin ledar nan, ko da sahihiya ce, ba ta kare kowa a Kurna.

To me dokar Kano ta ce? Jihar nan tana aiki da Shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, an kafa Hukumar Hisbah bisa doka a 2003, kuma matsayin hukumar a bayyane yake cewa cacar ƙwallo caca ce, dokar Shari'a ta jiha ta haramta ta. Za ka tuna a watan Oktoba na 2024 dakarunta sun fita samame, a rana ta farko kawai suka rufe shaguna 30 a unguwa guda, bayan koke-koken iyaye da masu unguwanni. An ɗan dakata da samamen lokacin da hukumar tarayya ta nuna cewa dokar 2005 ta halatta sana'ar, amma da Kotun Ƙoli ta yi hukunci sai Hisbah ta sanar cewa za ta ci gaba. Abin da nake so ka lura da shi sosai, domin kai ya shafa kai tsaye, shi ne ƙorafin da hukumar ta yi a lokacin cewa da yawa daga cikin shagunan an buɗe su ne da sunan wuraren wasan bidiyo, daga baya aka mayar da su na caca. Tsarin labulen da aka kawo maka shi ne ainihin abin da ake nema, kuma ranar da aka zo, shagonka za a garƙame gaba ɗaya, da talabijin da janareta da teburin POS, ba lungun kaɗai ba.

Idan kana so ka gwada shi, kada ka yi jayayya da shi. Ka ce masa ya kawo maka takardar izini mai tambarin Gwamnatin Jihar Kano, da sunan kamfanin da adireshin shagonka a jiki.

Maganar POS kuma tana rataye ne a kan sani. Mai POS da aka ba lambar asusu ya tura bai san ko ta mece ce ba, babu abin da ya aikata. Amma dokokinmu na laifuka sun tanadi hukunci ga wanda ya taimaka aka aikata laifi yana sane, kai kuwa da bakinka ka ce ka san inda kuɗin ke tafiya. Shawarata ka daina, tun ba a kai ga yi maka tambaya ba.

Malamin Islamiyya, daga Gwale:

Allah Ya yi wa Barista albarka. Ɗana, ka ce ka san hukuncin, don haka ba zan tsawaita ba. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya wuri guda, suka ambaci abin da suke haifarwa, wato gaba da ƙiyayya tsakanin mutane da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Samari suna cewa wannan ba sa'a ba ce, sanin ƙwallo ne, amma duk inda mutum ya zuba kuɗi a kan abin da bai san yadda zai kaya ba, ko ya ci na wasu ko a ci nasa, to caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Kuɗin hayar lungun da kamashon duka daga aljihun waɗanda aka cinye suke fitowa. A cikin wannan surar dai, aya ta 2, aka hana taimakekeniya a kan saɓo, kuma nan ne cajin da kake karɓa ranar Asabar ya shigo. Abin da ya wuce ka tuba, ka ƙiyasta abin da ka samu ta wannan hanya ka fitar da shi ga mabukata a hankali gwargwadon ikonka.

Wani ɗan zaure, daga Fagge:

Barista, ina da tambaya, kuma ba don in kare caca nake yi ba. Ina bi ta Sabon Gari kullum, shagunan nan a buɗe suke da allunansu. Idan haramun ce a dokar jiha, me ya sa can ake yi? Sannan wanda yake kwance a ɗakinsa yana danna waya, da kamfanin da ke Legas yake hulɗa, ba da wani shago a Kano ba. Ina ganin nan dokar ba ta kai ba.

Barista, daga Zoo Road:

Tambayar tana kan hanya, Alhaji. Dokar laifuka ta Shari'a Musulmi take hukuntawa, a kotunan Shari'a. Wanda ba Musulmi ba kotun majistare ake kai shi, a ƙarƙashin dokar Penal Code da muka gada tun zamanin Jihar Arewa, ita ma kuwa tana da babi guda a kan gidajen caca. A aikace Hisbah ta daɗe tana ɗaga ƙafa ga Sabon Gari saboda yawancin mazauna unguwar ba Musulmi ba ne, kamar yadda ake gani a sha'anin giya. Ɗaga ƙafa kuwa daban, izini daban, kuma ba ya bin mutum zuwa Kurna ko Fagge, balle ya sauya hukuncin Musulmin da ya tsallaka can ya buga.

Game da waya, gaskiya ne kama mutum a ɗakinsa yana da wuya, kuma tsarin mulki a sashe na 37 ya kare sirrin gida da na waya. Sai dai wuyar kamawa ba ta mayar da abu halal a doka. Jihar Legas tana da hukumarta da ke ba kamfanonin caca lasisi, amma ikon wannan lasisi a iyakar Legas ya tsaya, mai danna wayar kuma ƙafarsa a Kano take, dokar Kano ce a kansa. Akwai ma wani abu da samari ba sa tunawa sai ya faru: idan aka rufe asusun mutum ko aka riƙe masa kuɗin da ya ce ya ci, wace kotu zai je a nan? Da ya buɗe baki ya amsa cewa caca ya yi, kotuna kuwa ba sa tilasta cika yarjejeniyar da aka gina a kan abin da doka ta hana.

Tsohon ejan, daga Rijiyar Lemo:

Ɗan'uwa, na yi wannan aiki kusan shekara biyu kafin Allah Ya raba ni da shi, don haka bari in gaya maka abin da ba a faɗa maka ba. Naira dubu 60 ɗin nan ba kyauta ba ce, kuɗin jama'arka ne. Ejan ba lungu yake nema ba, samarin da ke zaune a kan bencinka yake nema, domin wanda yake kallon wasa da tikiti a hannu ba ya tashi sai ya sake bugawa. Kuma babbar ribar ba a wasannin gaske take ba, tana cikin wasannin kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintoci, a sake sabo nan take. Na taɓa ganin wani yaro mai koyon ɗinki, an aike shi Kantin Kwari sayen yadi, ya shigo da kuɗin bayan azahar. Kafin la'asar babu ko naira a jikinsa, ƙasan bencin da ya zauna duk tikitin da ya cukuikuye ne. Ya fita ya tsuguna a gindin bango ya rufe fuska da riga, ya kasa komawa wurin maigidansa. Washegari mahaifinsa wurina ya zo, ba wurin kamfani ba.

Ranar da aka zo samame kuwa, wanda ya kawo mana na'urar wayarsa a kashe take. Mai shago da yaron da ke kan kwamfuta su aka tafi da su, kuma 'yan'uwa ne suka yi ta zirga-zirgar beli.

Hajiya, daga Ɗorayi:

Ɗana, ni maganar ƙanenka ce ta fi tsaya mini, domin na ga irinta a gidana. Faɗa kaɗai ba ya raba yaro da wannan abu, sai dai ya koya masa ɓoyewa. Ka zaunar da shi cikin lallashi ka tambaye shi nawa ake bin sa, domin da wuya a rasa bashi, ko na abokai ko na manhajojin ba da rance. Ku goge manhajar cacar tare, ka riƙe masa katin banki na wani lokaci da yardarsa, kuma kada ka bar shi a kan teburin POS shi kaɗai. Idan ka ga ya daina ya koma, ya daina ya koma, to ya zama ciwo, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau suna duba masu irin wannan larura. Babu abin kunya a kai shi.

Mai tambaya, daga Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Shekaranjiya na kira ejan ɗin na ce ya kawo takarda mai tambarin Jihar Kano kamar yadda Barista ya ce. Ya fara cewa ta tarayya ta wadatar, da na ambaci hukuncin Nuwamba 2024 sai ya ce zai tuntuɓi ofishinsu ya dawo. Na gaya masa ko ya kawo ba zan bayar da lungun ba, tambayar don in tabbatar ne kawai. Jarkokin mai suna nan a inda suke.

Na rubuta a kwali na liƙa a jikin teburin POS cewa ba a tura kuɗin caca a nan. Jiya Asabar samari kusan goma suka juya suka tafi wani teburin, biyu daga ciki har da baƙar magana, kuma na ga giɓin a cinikin ranar. Na ƙara naira 50 a kuɗin ƙofa na manyan wasanni, na kuma yi magana da wata mai sayar da zoɓo da kunun aya za ta riƙa kawowa muna raba riba.

Hajiya, maganarki ta tabbata. Daren jiya bayan mun rufe shago na zauna da ƙanena a kan benci, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya faɗa mini ana bin sa naira dubu 85, rabi na wani abokinsa, rabi na manhajar rance da ta fara kiran mutanen da ke cikin wayarsa. Ya goge manhajar cacar a gabana ya miƙo mini katinsa. Mun shirya zai riƙa kwana a shago yana kula da janareta, ina cire bashin daga ladansa duk mako. Mahaifiyarmu tana da hawan jini, don haka ban gaya mata ba tukuna, sai na fara shawara da kawunmu gobe bayan sallar asuba.