Kangon fim a hamadar Tunisiya: tarihi ne ko ɓarnar kuɗi?

Sagir: Jama'a, ga wata magana da ta tsaya mini a maƙoshi tun jiya. A kudancin Tunisiya, cikin ƙafaffen tafkin gishirin nan na Chott el Djerid, kusa da garin Nefta, akwai wani ɗan ɗaki mai kama da kifaffiyar ƙwarya. Shi aka nuna a fim ɗin Star Wars a matsayin gidan da jarumin, Luke Skywalker, ya tashi. Masu fim suka gama aikinsu suka kaɗe riga, rana da gishiri suka yi ta cin ɗakin. A 2012 wasu masoyan fim ɗin su shida, wani ɗan Beljiyam Mark Dermul ne jagoransu, suka tara sama da dala dubu 11 ta intanet, suka nemi izinin hukuma, suka je suka gyara shi da hannunsu. Ni dai na ce ɓarnar kuɗi ce. Ɗakin da ba a taɓa kwana a cikinsa ba, ba a taɓa hura wuta ba, ba tarihi ba ne. Mai ja, bismillah.

Nafi'u: Yaya Sagir, kuɗinka ne?

Sagir: Ba kuɗina ba ne, amma bakina nawa ne.

Nafi'u: To ai shi ke nan. Mutane sun cire daga aljihunsu ba wanda ya tilasta musu, sun bar iyalansu, sun je suna yaɓe cikin zafin da ya haura digiri 40. Kai da kake biyan kuɗin gidan kallon ƙwallo duk mako saboda ƙungiyar da ba ta san da zamanka ba, wa ya taɓa ce maka ɓarna kake? So ne. Fim ɗin nan tun 1977 ya fito, akwai wanda ya kalle shi yana ɗan shekara bakwai, yanzu ya yi jika.

Malam Tukur: Nafi'u, a bar zancen ƙwallo, kada a koma gori. Tambayar Sagir tana da tushe. Me ake nufi da tarihi? A waccan ƙasar akwai Ksar Hadada da Ksar Ouled Soltane, rumbunan Amazigawa ne, wato 'yan asalin yankin, da aka gina ɗaki kan ɗaki, aka yi zamani bayan zamani ana ajiye hatsi da man zaitun a ciki. Akwai gidajen Matmata da aka haƙa cikin ƙasa don gudun zafi. Waɗannan su ne gado. Shi kuwa wancan ɗaki katako ne da waya da farar ƙasa, an yi shi don idon kyamara kawai.

Ummi: Allah ya gafarta Malam, ni ma ina da abin da zan ƙara muku, kuma Nafi'u ba zai ji daɗinsa ba. Ɗakin da suka gyara ma ba shi ne na 1976 ba, lokacin da George Lucas ya fara ɗaukar fim ɗin. Wancan ya daɗe da ɓacewa. A 2000 aka sake gina wani a gurbinsa don ɗaukar kashin da ya fito a 2002. Wato ginin shekara 12 suka je ceto. Kwaikwayon kwaikwayo.

Nafi'u: Na sani sarai. Sai me? Ginin ƙasa nawa ne a ƙasarmu da ke tsaye da yaɓensa na farko? Duk damina sai ta ci rabonta, a sake kwaɓa ƙasa a mayar. Ba wanda ya ce an daina kiransa gidan kakanni saboda an sake yaɓe. Wurin ne abin, ba farar ƙasar ba.

Ummi: Gidan kakanni da mutane a ciki, malam.

Anti Rabi: Ku dakata, ni na je. Shekarun baya na raka maigidana wani taro a Tunis, da aka tashi muka gangara Tozeur, muka ɗauki hayar mota mai shiga yashi. Gaskiya da na hango ɗakin sai da na yi dariya. Ɗan mitsitsi ne, shi kaɗai tsaye a fili fetal, ko itace ɗaya babu, ƙasa fara fat tana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin takalmi. Na leƙa ta ƙofar, ba komai a ciki, domin tsakar gidan da ake gani a fim ba nan take ba, tana can Matmata a otal ɗin Sidi Driss, tafiyar sa'o'i. Na ce wa direba, don wannan muka sha rana? Ya ce Hajiya, wannan ɗakin shi ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yana.

Daga nan ya kai mu Mos Espa, garin fim da aka gina wa Star Wars a 1997 kusa da Ong Jemel. Shi kam gari ne guda, da tituna da ƙofofi. Na ƙwanƙwasa bango ya yi ƙara kamar ganga, na zagaya baya na ga katako ne ya tokare shi. Amma a bakin wurin ga masu raƙuma, ga masu sayar da duwatsun nan masu kama da fure, ga yaro riƙe da ɗan yanyawa mai manyan kunnuwa ana biyansa a ɗauki hoto. Wannan na yanyawa bai yi mini ba, dabbar duk ta galabaita. Sauran kuwa cin abinci ne na halal.

Sagir: Anti, na ji, kuma ban raina abincin kowa ba. Amma kin ƙara mini ƙarfi ne. In har wurin yana kawo kuɗi haka, me ya sa sai talakawan masoya ne za su yi karo-karo? A wannan shekarar ta 2012 Disney ya sayi kamfanin Lucasfilm, mai fim ɗin, a kan sama da dala biliyan 4. Biliyan fa. Sun zubar da tarkacensu a hamadar mutane sun tafi, wasu kuma na bi suna share musu.

Nafi'u: A nan kam ban ja da kai ba. Amma jiran mai kuɗi ya tuna da kai, ɗakin zai rugurguje.

Malam Tukur: Hajiya Rabi, kin sa na sassauta, amma ba duka ba. Ku tuna lokacin da aka yi gyaran: shekara ɗaya bayan juyin 2011 da ya kori shugaban ƙasar Ben Ali, baƙi sun ɗauke ƙafa. Sai kuma hare-haren 2015 a gidan tarihi na Bardo da bakin tekun Sousse suka ƙara dagula lamarin. Duk abin da zai jawo baƙo kudu a irin wannan hali, alheri ne. Abin da ke damuna shi ne baƙon ya tsaya a Ksar Hadada, bai tambayi wa ya gina ba, sai dai ina aka ajiye kyamara da aka ɗauki kashin Star Wars na 1999 a can. Har sunan duniyar da ke cikin fim ɗin, Tatooine, daga garin Tataouine na kudancin ƙasar aka aro shi, amma yau aron ya fi mai shi suna.

Ummi: Malam, da ba don fim ɗin ba, da wa a cikinmu ya taɓa jin Ksar Hadada? Ni dai ban taɓa ba.

Malam Tukur: Ke yanzu ɓangaren wa kike?

Ummi: Ɓangaren yashi. Masana sun auna tudun rairayin da ke tunkarar Mos Espa, yana matsowa kimanin mita 15 duk shekara. A 2014 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta yi gangamin kwashe shi. A kwashe yau, iska ta dawo da shi gobe.

Anti Rabi: To ai masu kwashewar ma ana biyansu, Ummi.

Sagir: Ni dai har yanzu ban yarda a kira shi tarihi ba. A kira shi kasuwa, na sa hannu. Nafi'u, in an sake buɗe karo-karo, nawa za ka bayar?

Nafi'u: A canjin dala na yanzu? Zan bi su da addu'a.