Me ya sa ake fifita Super Eagles ta 1994 alhali kofi ɗaya ta ɗauka?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Ni ban riski wasannin 1994 da wayona ba, amma duk lokacin da aka ɗauko zancen ƙwallon ƙafa a Najeriya sai in ji manya suna cewa ba a taɓa yin tawaga irin ta su Rashidi Yekini ba. Da na duba tarihi sai na ga sau uku Najeriya ta ɗauki kofin nahiyar Afirka, wato a 1980 da 1994 da 2013, kuma waɗancan da ake yabo guda ɗaya ne nasu, daidai da yaran koci Stephen Keshi na 2013. A gasar cin kofin duniya ma zagaye na biyu suka tsaya, inda aka tsaya a 2014. To mene ne hujjar wannan fifiko? Ina roƙon waɗanda suka shaida zamanin su yi mana bayani.

Malam Na-Allah:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka tana kan hanya, sai dai lissafin kofuna kaɗai ba zai ba ka amsa ba, domin wannan tawaga an hana ta buga gasa biyu a lokacin da take ganiyarta. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye Najeriya daga gasar kofin nahiyar Afirka da aka yi a Afirka ta Kudu, bayan tsamin dangantakar da ya biyo bayan rataye ɗan fafutuka Ken Saro-Wiwa, ita kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta hukunta ƙasar da dakatarwa daga gasar 1998. Ke nan mai riƙe da kofi bai samu damar kare kofinsa ba, kuma sai a 2000 ya dawo.

Idan kana son sanin ƙarfinsu a tsakanin waɗannan shekaru, dubi gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, inda da dama daga cikinsu, irin su Okocha da Amokachi da Oliseh da Amunike, suka haɗu da Nwankwo Kanu da Tijjani Babangida da Garba Lawal, suka fitar da Brazil da ci 4 da 3 bayan tana gaba da 3 da 1, sannan suka doke Ajantina da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe. A watan Afrilun 1994 hukumar FIFA ta sanya Najeriya ta biyar a duniya, matsayin da ba ta sake kaiwa ba. Kuma tsakanin 1993 da 1999 sau biyar ɗan Najeriya ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka: Yekini, Amunike, Kanu sau biyu, da Victor Ikpeba.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne cewa ba dare ɗaya aka gina su ba. Clemens Westerhof ya karɓi aikin horar da su a 1989, ya sha kashi da ci 5 da 1 a hannun Aljeriya a wasan farko na gasar 1990, amma aka bar shi ya ci gaba, ya kai wasan ƙarshe a wannan shekarar, ya zo na uku a 1992, kafin ya ɗauki kofin a Tunisiya. A yau koci ya sha irin wannan kashi, da wuya ya kwana a kan kujerarsa.

Bakatsine:
Malam ya faɗi gaskiya game da 1996, amma ina ganin ya yi musu sassauci da yawa. A wasansu da Italiya a gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka suna gaba da ci ɗaya, an ba Gianfranco Zola na Italiya jan kati, saura minti biyu a tashi suka bar Roberto Baggio ya farke, sannan ya ƙara da bugun fenariti a ƙarin lokaci. Na yarda fitar Amunike da Amokachi saboda rauni ta rage musu kaifi, amma tawaga mai mutum goma sha ɗaya a kan mai goma ba ta da uzuri. A gasar cin kofin duniya ta 1998 kuwa, bayan sun doke Sifaniya da ci 3 da 2, hankalinsu ya tafi kan karawa da Brazil tun kafin su gama da Denmark, sai Denmark ta zura musu huɗu, Babangida ya rama ɗaya. Wannan ba Abacha ne ya jawo ba.

Hajiya Mai Kallo:
Ni kuma ina so a yi wa Keshi adalci, domin kwatanta 2013 da 1994 bai kamata ya zama rage darajar ɗaya ba. Shi ne kyaftin a 1994, ya dawo ya ɗauki kofin a matsayin koci, abin da kafin shi Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ya taɓa yi. Ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasan da ke buga gasar cikin gida, mutane suna ta yi masa dariya, sai ga Sunday Mba ya ci ƙwallon da ta fitar da Kodebuwa ta su Drogba, ya kuma ci wadda ta ba mu kofi a kan Burkina Faso. Bambancin shi ne ba a bar wannan tawaga ta girma ba: rigima da hukumar ƙwallo ta fara tun washegarin nasarar, kuma Najeriya ba ta ma samu gurbi a gasar 2015 da ta 2017 ba.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai. Malam Na-Allah, kun ce sun dawo a 2000, me ya hana su ɗauka a lokacin, alhali a Legas aka yi wasan ƙarshe?

Malam Na-Allah:
Kamaru ce, wadda ita ce ta doke mu a wasan ƙarshe na 1984 da na 1988. An tashi biyu da biyu bayan Okocha ya farke daga nesa, aka je bugun fenariti, ƙwallon Ikpeba ta daki ƙarfen sama ta sauka, hotunan talabijin suka nuna ta haye layi, amma alƙalin wasa bai ba da ita ba, Rigobert Song ya buga ta ƙarshe ya ci.