Wace kalma za mu sa wa "working poor"?

Mai fassara, Asawase:
Salamu alaikum jama'a. Ina fassara wata takarda kan albashi don shirin rediyo, sai na cije a kan "working poor". Wato mutumin da ke fita aiki kullum, amma abin da yake samu bai raba shi da talauci ba. Na rubuta "ma'aikata matalauta", kunnena bai yarda ba.

Malamin makaranta, Aboabo:
Kunnenka ya yi gaskiya, ƙanena. A nan Kumasi in ka ce ma'aikaci, mai ofis ake gani, mai jiran ƙarshen wata. To ina yarinyar da ke ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia? Ina yaron mota? Ai su ake nufi. Kuma maganar tsohuwa ce. A 1899 wani mai bincike, Seebohm Rowntree, ya bi gidajen leburori a garin York na Ingila, ya tarar kusan kashi 28 cikin 100 na mutanen garin suna cikin talauci. Abin da ya girgiza mutane shi ne, a cikin waɗanda kuɗinsu bai kai na abinci da haya da sutura ba, kimanin rabi maigidan yana da aikin yi a tsaye, ladan ne bai taka kara ya karya ba.

Hajiya mai tuwo, Sabon Zango:
Malam, mu dai tun kakanni "hannu baka hannu ƙwarya" muke cewa. Me ya sa sai an ƙera sabuwa?

Malamin makaranta:
Allah ya ƙara girma, Hajiya, taki ta fi daɗin baki. Sai dai ta haɗa har da wanda ba ya aikin komai, 'yan uwa ke tallafa masa. Masu binciken kuwa raba su suke yi. A binciken da aka yi a Ghana a 2016 zuwa 2017, talauci a yankin garin Wa da ke arewa maso yamma ya haura kashi 70 cikin 100, a yankin Accra bai kai 3 ba. Mutanen yankin Wa ba zaune suke ba, noma suke yi.

Ɗalibi a jami'a:
Ni na so "talaka mai nema".

Hajiya mai tuwo:
A'a ɗana, za a ɗauka mai neman aiki ne. Ko ma mai neman aure!

Mai fassara:
Hajiya ta kashe wannan. "Talaka" ma ina gudunsa, don a wurinmu kishiyar basarake ne, attajiri ma talakan sarki ne. Ga abin da zan karanta ranar Asabar: halin, "talaucin masu aiki", mutanen, "masu aiki cikin talauci". Da zan kawo misali, zan ce mafi ƙarancin lada a Ghana a 2025 sidi 19.97 ne a yini, mai sauraro ya cire kuɗin trotro, wato motar haya, da na koko ya ga saura. Karin maganar Hajiya kuma da ita zan buɗe shirin.

Hajiya mai tuwo:
To ka faɗi daga bakin wa ka ji.