"Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo" a ƙarƙashin hoton ɗaliba

Yayan Ɗaliba: Jama'a, ina neman fahimtarku. Ƙanwata tana ajin ƙarshe a sakandare, kuma an nemi kowane ɗalibi ya kawo jimla ɗaya, wadda ba ta wuce kalma 15 ba, domin a buga ta a ƙarƙashin hotonsa a mujallar yaye ɗalibai. Ita ta zaɓi "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo". Da Baba ya ga takardar daren jiya sai ransa ya ɓaci, ya ce mutum ba ya yi wa kansa mugun baki a ranar farin cikinsa. Ita kuma ta dage a kan cewa nufinta shi ne ranar da ta shekara 6 tana hange ga ta ta iso. Har aka kwanta ba a daidaita ba.

Malamin Aji: Ina bayan Baba. Na taɓa zama cikin kwamitin da ke tace irin waɗannan jimloli, kuma abin da muke dubawa shi ne yadda baƙo zai karanta su, domin mai hoton ba za ta bi kowane kwafi tana bayani ba. Wanda ya buɗe shafin bayan shekara 20 faɗuwa kawai zai gani.

Jikar Inna: Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Lokacin da kawuna zai tafi karatu nesa, kakata ta riƙe jakarsa a bakin ƙofa ta ƙi saki, sai da ta faɗa masa wannan maganar sau biyu. Mahaifiyata ta ce kowa ya yi tsit, an ɗauka baki ta yi masa. Ya shekara 9 bai waiwayo gida ba, wasiƙa ma sai jefi-jefi, amma Inna ba ta taɓa bari an kwashe kayan ɗakinsa ba, kuma duk Juma'a sai ta sa an share shi an kakkaɓe shimfiɗa. Ranar da ya dawo ba ta tashi daga kan tabarmarta ba, ta dube shi kawai ta ce, "Jifa, ka faɗo?" Har ya yi furfura Jifa muke kiransa. A bakinta addu'ar dawowa ce.

Malamin Aji: Hajiya, Allah ya jiƙan Inna, amma ita tana da shekara 9 na jira da za su fassara maganarta, yarinyar nan kuwa layi ɗaya aka ba ta.

Ɗan Adawa: Ni da za a bi tawa, a ƙarƙashin hotunan wasu 'yan siyasa masu fastocin kamfe za a buga ta, waɗanda wayarsu ba ta shiga sai wa'adi ya ƙare, sannan ka gan su a sahun gaba a kowace ta'aziyya. Ita kuwa ƙanwarmu gara ta ɗauki "Kowa ya ci zomo ya ci gudu".

Jikar Inna: Wannan ma ba kowa ta dace da shi ba, domin akwai masu takardar shaidar da ko abokan ajinsu ba su tuna ganin gudunsu ba.

Tsohon Ɗalibi: Ni a wa'azi na fi jin ta, inda ake nufin kabari da ƙasar, kuma ina zaton can tunanin Baba ya tafi. Amma Hajiya, shin kawun naki ya ɗauki sunan da daɗin rai?

Jikar Inna: Ya ɗauka, sai dai matarsa ba ta taɓa kiransa da shi ba.

Yayan Ɗaliba: Na karanta wa Baba labarin Inna, ya yi murmushi bai ce komai ba. Ranar Alhamis za a rufe karɓa, ita kuma har yanzu ba ta goge abin da ta rubuta ba.