Mai Rubuta Manhaja Da Mai Yayata Ta

An yi ja-in-ja kan wanda ya fi amfani ga manhajar da kowa ke da 'yancin dubawa da gyarawa: mai rubuta ta ko mai yayata ta. Shawarar da ta rinjaya ita ce kada ka tallata abin da hannunka bai taɓa ba. Fara da kai rahoton kuskure, fassara, ko amsa tambayar sabon shiga. Wasu sun tuna cewa Richard Stallman, wanda ya ƙaddamar da GNU, shirin samar da irin wannan manhaja, a 1983, ya haɗa duka biyun.

Ni dai matsalar Heartbleed ta 2014, wato kuskuren tsaro da aka gano a OpenSSL, ita ce ta tsaya min a rai. A lokacin, shafukan intanet barkatai sun dogara da OpenSSL, irin wannan manhaja da ke kare sirrin bayanai, alhali masu kula da ita 'yan ƙalilan ne, tallafin kuɗi ma cikin cokali, har sai da ɓarnar ta fito fili kafin manyan kamfanoni su sa hannu.